Harbi Ɗaya da Harbi Talatin: Tarihin Dokar Bindiga a Bakin Iyakar Jibiya

A tsakiyar watan Agusta na shekarar 2021, Gwamnan Jihar Katsina na wancan lokaci, Alhaji Aminu Bello Masari, ya tafi Jibiya don yin ta'aziyyar mutanen da wata motar ma'aikatan kwastan ta bi ta kansu a cikin garin. A wurin wannan zama ne ya faɗi maganar da ta game ƙasa cikin yini guda, watau cewa bai kamata jama'a su naɗe hannu ɓarayin daji suna kashe su, suna sace iyalinsu ba, gara su nemi makami su kare kansu. Jaridu suka ɗauka, waɗansu suka yaba, waɗansu suka yi tir. Abin da ba a cika tsayawa an duba ba shi ne, Gwamnan da ya yi wannan kira ba shi da ikon ba ko da mutum ɗaya lasin riƙe irin bindigar da ɓarayin ke riƙe da ita. Haka kuma Majalisar Dokokin Jihar ba ta da ikon yin dokar da za ta ba shi wannan iko.

Mazanya da Magama mazaɓa ɗaya ce a ƙaramar hukumar Jibiya, a daidai inda hanyar Katsina ke tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. In manomin wannan yanki ya ɗauki maganar Gwamna da gaske, tambayar da zai fara yi ita ce, wace irin bindiga? Amsar da doka za ta ba shi ta girmi Nijeriya kanta, don kuwa a Turai aka fara rubuta ta a shekarar 1890. Ƙashin bayan amsar kuwa abu ɗaya ne tak: harbi nawa bindiga za ta yi kafin a sake ɗura ta.

Kafin zuwan Turawa

Wannan yanki bai saba da kwanciyar hankali mai tsawo ba. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a shekarar 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi wajen shekarar 1819, suka kuma shafe sauran ƙarnin suna kawo hari don su karɓi ƙasarsu. Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, shi ne ya fi yin suna a wannan fage. Dajin da ya shimfiɗu daga yammacin Katsina zuwa ƙasar Zamfara, wanda a yau ake kira Dajin Rugu, tun a lokacin hanya ce ta mahara. Saboda haka mutanen ƙauyukan bakin daji suka zauna cikin ganuwa da shingen ƙaya, kowane magidanci da kwari da bakansa.

Amma yaƙin wancan zamani na doki ne da mashi da takobi da kibiya. Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa, ta hamada daga Tarabulus da kuma ta kudu daga bakin teku, sai dai ba ta yi tasiri sosai ba sai a rabi na biyu na ƙarni na 19. Dalili kuwa shi ne irin bindigar da ake samu. Sai an zuba mata albarushi ta baki, a danna da sanda, a sa dalma, a sake dannawa, sa'an nan a yi harbi ɗaya. Kafin mai ita ya sake ɗurawa, maharbi ya saki kibiya da yawa, barde kuma ya cim masa. Ba banza ba Hausawa suka laƙaba mata sunan harba-ka-ruga.

Duk da haka sarakuna ba su sake da ita ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu ɗimbin yawa, har ya sa maƙera suna zuba masa igwa a Zinder. A Zazzau da Kano kuma, zuwa shekarun 1890, an sami rundunonin 'yan bindiga, akasarinsu bayin sarki. Wannan ba hatsari ba ne. Sarki ya fi amincewa ya danƙa sabon makami a hannun bawansa da ya danƙa shi a hannun hakimin da gobe zai iya yi masa tawaye, balle a hannun talaka. Watau dai tsare bindiga mai kyau a hannun hukuma ba Turawa suka kawo shi ba. Abin da suka kawo shi ne rubuta shi a takarda, da kuma ƙarfin tilasta shi.

Yarjejeniyar Burasal

A ranar 2 ga watan Yuli, 1890, ƙasashe 17 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Burasal, babban birnin Beljiyam. Manufar da aka bayyana ita ce kashe cinikin bayi a Afirka, aka ce kuma bindiga ce ke rura wutarsa. Sai aka ja layi biyu a kan taswira, ɗaya a kan digiri 20 arewa da tsakiyar duniya, ɗaya a kan digiri 22 kudu, aka ƙuntata shigar da makamai tsakaninsu. Jibiya tana wajen digiri 13 ne, don haka ita da dukan ƙasar Hausa sun faɗa ciki, alhali kuwa a lokacin babu Baturen da ke mulkin ko da ƙauye ɗaya a ƙasar Katsina, babu kuma Bakatsinen da aka shawarta.

Abin lura shi ne ba dukan bindigogi aka hana ba. An raba su gida biyu. Bindiga mai ƙanƙara wadda ake ɗurawa ta baki, da albarushi na kasuwa, an bar ƙofar sayar da su ga 'yan ƙasa. Amma bindigar da ake sa wa harsashi ta gindi, da mai kai harsashi nesa ba kuskure, da mai gidan harsashi, watau wadda ke da ɗan akwatin da ake jera harsasai a ciki suna hawa ɗaya bayan ɗaya, waɗannan sai a ajiye su a ma'ajin gwamnati, ba a fitar da su sai da izini. Gwamnatocin Turawa kuwa sun ware wa kansu 'yancin ba sojojinsu da 'yan sandansu duk abin da suka ga dama.

Ba a ɗauki lokaci ba aka ga amfanin wannan rabo. Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A ƙarshen watan, a kusa da Kwatarkwashi, sojan Turawa da ba su kai 50 ba suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka tare sukuwar mahayan Kano, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. A ranar 15 ga Maris aka kara a Sakkwato, ba a kai awa biyu ba aka tashi. Katsina ta ga abin da ya sami 'yan'uwanta, ta buɗe ƙofa ba tare da yaƙi ba. Ba jaruntaka ce ta yi ƙaranci ba, kamar yadda Burmi ta nuna a watan Yuli na wannan shekara. Bindiga mai ruwa, wadda Turawa ke kira Maxim, tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya. A Satiru, cikin Fabrairun 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun yi wa wata runduna ba-zata har suka ƙwace bindiga mai ruwa guda, amma da aka komo musu a watan Maris sai aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma, daga 1906 zuwa 1908, wakilan Ingila da na Faransa, O'Shee da Tilho, suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Layin da suka ja shi ne ya bar Mazanya da Jibiya a hannun Ingilishi, Ɗan Isa da Maraɗi a hannun Faransa. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma doka biyu.

Zamanin lasin

Da mulkin mallaka ya zauna, bindiga ta zama tsani mai matakai. Masanin tarihi Saheed Aderinto, a cikin littafinsa na 2018 a kan bindiga a Nijeriya ta zamanin Turawa, ya nuna yadda bindigar toka ta yaɗu a hannun mafarauta da manoma, yayin da bindigar zamani ta zama alamar daraja wadda ba a samunta sai hukuma ta gamsu da matsayin mai nema. Wanda ke son hawa mataki na sama sai ya rubuta takardar roƙo, ya bayyana aikinsa da halinsa, ya jira amsa. Wannan ita ce hanyar neman sassauci da masu bindiga suka gada: kowa da takardarsa, kowa da Baturen da zai roƙa, ba ƙungiya, ba majalisa.

Ana gab da samun mulkin kai aka tattara dokokin wuri ɗaya, aka yi Dokar Bindigogi wadda ta fara aiki a 1959. Wanda ya karanta jadawalinta zai ga inuwar Burasal a fili. Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta, irin su igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da ƙaramar bindiga ta aljihu da bindigogin soja, waɗanda ba mai ba da lasinsu sai shugaban ƙasa. Kashi na biyu bindigogin farauta ne na zamani, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A nan ma dokar ta yi togaciya, ta fitar da duk bindigar farautar da ke da wata na'ura mai sake ɗura mata harsashi. Kashi na uku, na can ƙasa, shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma su kaɗai ne aka bar al'amarinsu a hannun Kwamishinan 'yan sanda tare da yardar Gwamna. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17 lasin, haka ma mai taɓin hankali da mashayi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai a warwatse, fashi da makami ya yi yawa, gwamnatin soja ta amsa da dokar 1970 mai hukuncin kisa, wadda aka sabunta a 1984. Kowane sabon tashin hankali ƙara ɗaure igiyar yake yi, kuma kullum daga sama. Tsarin Mulki na 1999 ya rufe zancen: makamai da harsasai da nakiya su ne abu na biyu a jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, sashe na 214 kuma ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya.

Don a gane nauyin wannan, yana da kyau a waiwayi ƙasar da Nijeriya ta ari tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni daga gare ta a 1979, watau Amurka. A can gyara na biyu ga tsarin mulki, na 1791, ya amince da 'yancin riƙe makami, jihohi kuma suna da ikon yin dokokinsu. Saboda haka gardamarsu a kan girman gidan harsashi take, kuma a zauren majalisun jihohi ake yinta. Dokar tarayya ta 1994 ta tsayar da shi a kan harsashi 10, ta ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba. Bayan kisan gillar da aka yi a wani gidan siliman Aurora da makarantar Sandy Hook a 2012, Majalisar Jihar Kolorado ta ƙayyade 15 a shekarar 2013. Masu bindiga suka cika harabar majalisa, suka ba da shaida a gaban kwamiti, da abin ya faskara sai suka tara sa hannu aka yi wa sanatoci biyu kiranye, John Morse da Angela Giron, duka kuma suka rasa kujerunsu a watan Satumba. Dokar dai ta tsaya. Ba'amurke yana jayayya a kan 15 ko 30 a gaban wakilin da ya sani, yana kuma iya tuɓe shi. Mutumin Mazanya an tsayar da shi a kan ɗaya, kuma wakilinsa na Katsina ba shi da ta cewa.

Da iyaka ta daina jin doka

Muddin hukuma ce kaɗai ke da harbi mai yawa, tsarin yana da hujjarsa: talaka ya haƙura da harbi ɗaya, gwamnati ta tsare shi. Wannan ciniki ne ya warware. Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, makamai suka kwararo cikin ƙasashen Sahel, suka haɗu da waɗanda ke zurarewa daga ma'ajin hukumomi da kuma ƙirar gida. Rikicin makiyaya da manoma da satar shanu a Zamfara ya rikiɗe ya zama sana'ar garkuwa da mutane, ya bi Dajin Rugu ya iso Jibiya da Batsari da Safana, ya tsallaka har cikin jihar Maraɗi. Makamin ɗan daji kuwa AK-47 ne, mai gidan harsashi mai cin 30. Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, adadin da ya ninka na soja da 'yan sanda a haɗe wajen sau goma. Rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ya durƙusar da 'yan kasuwa da direbobi da masu dako a Magama, amma mai safarar makami dama ba ta ƙofar kwastan yake bi ba.

A nan ne tarihi ya yi juyin waina. Masu neman a sassauta doka ba ƙungiyar masu bindiga ba ce ta je wurin hukuma, hukumomin jihohi ne da kansu suka koma masu roƙo. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci Kwamishinan 'yan sanda ya ba jama'a lasin, ta ce za ta raba takardun nema 500 ga kowace daga masarautun jihar 19. Kwamishinan ya amsa cewa an dakatar da ba da lasin, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce Gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Agusta Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya ƙaddamar da dakarun sa-kai na jiharsa, ya nemi Gwamnatin Tarayya ta ba su izinin AK-47, bai samu ba. A watan Satumba Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ƙorafin cewa an ba 'yan sintirin Katsina abin da aka hana Amotekun, fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce babu jihar da aka ba. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan makamai. A farkon 2024 Sanata Ned Nwoko ya fito da shawarar dokar da za ta ba farar hula damar riƙe bindiga, shugaban rundunar sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, yana daga cikin manyan da suka nuna ba su yarda da ra'ayin ba.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa masu ƙin nan ba su da hujja. Mutanen yankin sun ga abin da 'yan sa-kai suka aikata da bindigar toka da adda kawai, yadda aka riƙa kama Fulani a kasuwa ana kashewa ba shari'a, yadda kuma kowane irin wannan kisa ya jawo ramuwa a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. Ita kanta gwamnatin Masari, lokacin sulhun 2019, ta haramta ayyukan 'yan sa-kai, shekara biyu kafin jawabin Jibiya. Wanda ya ga abin da harbi ɗaya ya haifar yana da dalilin jin tsoron talatin. Bugu da ƙari, Nijeriya da Nijar duka sun sa hannu a yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 2006, wadda ta wajabta wa gwamnatoci tsaurara riƙon makamai a hannun farar hula. Sai dai hujjar hana talaka makami tana tafiya ne da alkawarin tsare shi, kuma a nan ne masu ƙin suke da rauni. A watan Maris na 2022, da aka janye sojojin da ke Shimfiɗa, mutanen garin ba su tsaya jiran bayani ba, suka kwashi 'ya'yansu suka yi gudun hijira zuwa Jibiya.

Abin da majalisar jiha ta iya yi shi ne ta bi ta gefen katangar. Ta yi dokar kafa rundunar tsaron al'umma, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da kashin farko na mutum 1,466 a watan Oktoba na 2023, aka ɗebo su daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, har da Jibiya. Zamfara ta bi sahu da Askarawanta a Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa tata. Jiha tana iya ɗaukar matasa, ta ɗinka musu kaki, ta saya musu babura da motoci masu sulke, ta biya su albashi. Irin bindigar da za su rataya kuwa, wannan sai abin da Abuja ta yarda.

A farkon 2025 shugabannin al'ummar Jibiya suka zauna da waɗansu jagororin 'yan bindigar dajin, aka yi sulhu, aka sako waɗansu daga cikin mutanen da ake tsare da su. Wakilan gari sun je wurin zaman hannu sake, don in ba da lasin Abuja ba, dokar 1959 ba ta bar musu wani abin riƙewa ba sai bindigar toka, mai ƙanƙara ko mai hula, kamar yadda kashi na uku na jadawalinta ya lissafa.